MALAM ABDULLAHIN GWANDU A KANO: DARASI GA WANDA YA GAJI DA MUTANENSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Wani tsohon ɗalibina, wanda yake taya ni karantar da yara a Islamiyyarmu nan Lajawa, ya same ni bayan sallar Isha'i ya ce zai ajiye karantarwa ya nemi hanyar Makka, domin a cewarsa mutanenmu ba za su gyaru ba. Ban musa masa ba, sai na ba shi labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa.

Malam Abdullahi ƙanen Shehu Usmanu ne kuma wazirinsa, shi ne ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804. Amma cikin 'yan shekaru sai ya ga waɗansu daga cikin waɗanda aka yi hijira da su don tsayar da Sunna sun karkata ga neman mulki da dukiya da dawaki da tufafin alfarma. Abin ya dame shi ƙwarai, har a wajajen 1807 ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya ba da wannan labari a littafinsa Tazyinul Waraƙat.

Da ya iso Kano sai ya tarar da irin abin da ya guje wa. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, shi kuwa ya amsa. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ya bayyana wa masu mulki hukuncin shugabanci da alƙalanci da siyasar shari'a. Daga nan ya koma wajen Shehu. Birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808, shi kuma ya ci gaba da karantarwa da wallafa, har ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awil. Ya rasu a Gwandu a 1829 bai kai Makka ba.

Ya ɗan uwa, ka lura da abu biyu. Na farko, ɓacin ransa gaskiya ne, bai ɓoye laifin abokan tafiyarsa don suna jama'a ɗaya ba. Na biyu, ya mayar da ɓacin ran nan karatu da rubutu. Da ya wuce Kano bai tsaya ba, da ba mu gaji Liya'ul Hukkam ba.

Hajji farilla ne ga mai iko, kuma ban hana kowa ba. Abin da na tambayi ɗalibina shi ne: in ka tafi don gajiya da mu, wa zai biya wa yaran ajinka karatu? Ya yi shiru, ya ce zai yi istihara. Ku taya shi da addu'a.

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.