Fahimtar karatu da riƙe shi: abin da ɗalibanmu na Legas ke buƙata kafin WAEC

Fahimtar karatu ita ce yaro ya karanta rubutu, ya ɗaga kai, ya gaya maka abin da aka ce da bakinsa. Riƙe karatu kuwa shi ne abin ya zauna masa a ka har ranar da za a tambaye shi. Abu biyu ne daban. Yaranmu na Obalende da Agege da Idi-Araba sun fi ƙarfi a na biyun, domin makarantar allo ta horar da su kan hadda tun suna ƙanana. A na farkon ake samun matsala.

Dalilin a fili yake. Yaro yana Hausa a gida, ya yi buroka da Yarbanci a layi, ya yi Larabci a Islamiyya. Tun 2018 ma dokar jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu. Turancin littafi shi ne harshen da kunnensa ya fi ƙarancin ji, kuma da shi za a yi masa jarrabawa. Sai ka ji yaro yana zuba karatu tiryan-tiryan, iyaye na murna, amma ka ce masa "to me aka ce?" sai ya yi zuru.

A takardar Turanci ta WAEC da ta NECO akwai sashen da ake ba ɗalibi labari ya amsa tambayoyi, da wani da ake so ya taƙaita labari cikin 'yan jimloli. Wanda ya kwashe jimlar marubucin ya juye ta yadda take, maki zai rasa. Idan kuma babu kiredit a Turanci, wato daga C6 zuwa sama, jami'a ta rufu ko da makin JAMB ya yi kyau. Ni kaina sau biyu na zauna wa takardar nan, saboda na je mata da hadda.

Wata sananniyar hanya da ake koyarwa ta fito ne daga wani malamin jami'a a Amurka, Francis Robinson, a littafinsa na 1946. A taƙaice cewa ya yi kada ka faɗa cikin karatu kai tsaye. Fara leƙa kanun da hotuna da layin farko na kowane sakin layi, ka ƙirƙiri tambayar da kake neman amsarta, sannan ka karanta. Bayan nan ka rufe littafin ka faɗi abin da ka gane, daga baya ka sake waiwaya.

Wurin rufe littafin nan shi ne gishirin abin, kuma a nan Hausarmu take da rana. Yaro ya karanta sakin layi ɗaya da Turanci, ya kife littafin, ya ba da labarin da Hausa. Hadda ba ta tsallake wannan gada: abin da ba ka gane ba, ba ka iya juya shi zuwa wani harshe. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma tana iya wannan aiki. Tana tsinke alayyafo, ta ce "Auwalu, gaya mini abin da ka karanta." In ya fara kame-kame, ta gane bai shiga ba, ya koma. Sannan a tambaye shi "don me?" da "sai me ya faru?", ba "wa?" da "yaushe?" kaɗai ba. Kalmar da bai sani ba kada ta tsayar da shi. Ya ja mata layi, ya duba na kusa da ita ya yi hasashe, ƙamus sai ya gama.

Batun mantuwa kuwa, wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da kansa ya fitar da sakamako a 1885. Ya gano cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan zubar ta ragu, kuma maimaici da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. Da na ji haka dariya na yi, domin alarammominmu ba su jira shi ba. Ba a wanke allo sai yaro ya biya da ka a gaban malam, kuma tilawa kullum ake yin ta don kada na baya ya gudu. Abin mamaki, yaron da ya san wannan a karatun Alƙur'ani shi ne zai ajiye littafin kimiyya wata uku, ya ɗauko shi daren jarrabawa da goro a baki. Darasin yau a waiwaye shi gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kuma kowane karo a fara da littafi a rufe.

Akwai kuma ɗaura sabon abu a kan wanda aka sani. Babana ba ya riƙe takarda a Abbatuwa ta Oko-Oba, amma zai gaya maka wane bijimi ne ya taso daga Potiskum, wane Bokolo ne aka sayo a Maigatari, nawa aka bayar, nawa ya rage bashi. Kowace dabba tana da labarinta a kansa, shi ya sa lambar ba ta ɓacewa. Haka ɗalibi zai yi: lissafin riba da faɗuwa ya yi shi da kuɗin tirela daga Arewa zuwa Legas, darasin narkar da abinci ya tuna tumbin da ya gani a mahauta.

Na san ɗaki ɗaya ne ga da yawanmu, ga ƙarar janareta, ga hayaniyar tashar Obalende da ba ta barci. Lokacin da ya fi shiru shi ne bayan sallar asuba, kuma minti 30 a lokacin ya fi awa biyu na gyangyaɗi da daddare. Wanda ke shiga danfo zuwa makaranta ya yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ya sa a aljihu. Cunkoson hanya kaɗai ya ishe shi ya zagaye su sau biyu kafin ya sauka.