Yadda sankarar fankiriyas ke bazuwa a jiki

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin da ruwan narkar da abinci. Sankarar da ke kama ta na da wuyar magani, domin ba ta nuna alama da wuri. Kusan rabin masu fama da ita, kafin a gano ta riga ta bazu.

Masana sun danganta lamarin da saƙonnin da ke gudana a cikin ƙwayoyin halitta. A jiki mai lafiya, ƙwaya ba ta hayayyafa sai da umarni. Wani sinadari mai suna KRAS ne ke isar da umarnin, sannan ya yi shiru. Amma a sama da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar, KRAS ya gurɓace, yana ta ba da umarni ba ƙaƙƙautawa. A wajen kusan rabinsu kuma, SMAD4, mai isar da saƙon dakatawa, ya daina aiki.

Hanta ce cutar ta fi faɗa wa, saboda can jinin da ya fito daga fankiriyas ke fara zuwa. A shekarar 2015 masu bincike a Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa kumburin kan tura wasu 'yan ƙunshin sinadarai cikin jini, su share masa fage a hanta tun kafin ya isa.

A 2021 Amurka ta amince da maganin sotorasib mai toshe KRAS domin sankarar huhu. Sai dai irin gurɓacewar da yake kamawa ba kasafai ake samun ta a fankiriyas ba.