Lynd Ward, mai ba da labari da katako

Wannan karon ina so in yi maganar wani Ba'amurke da ya yi littafi guda cur ba tare da ya jera jimla ko ɗaya ba. Sunansa Lynd Ward. An haife shi a Cikago a 1905, ya rasu a 1985. Mahaifinsa fasto ne da ya yi suna wajen kare haƙƙin ma'aikata, kuma ana ganin wannan tarbiyya a aikin ɗan.

A 1926 ya tafi Laifzig ta Jamus koyon aikin ɗab'i. Can ya ci karo da littafin Frans Masereel, ɗan Beljiyam, wanda hotuna ne zalla. Da ya koma gida ya yi nasa, Gods' Man, hotuna 139, ya fito a Oktoban 1929, watan da kasuwar hannun jari ta Niyok ta ruguje. Duk da haka an sayi kwafi fiye da 20,000. Labarin mai zane ne matalauci da ya karɓi buroshin sihiri daga wani mai rufaffiyar fuska, ya sa hannu a takarda. Ya yi suna, ya yi kuɗi. Ranar biyan bashi mutumin ya yaye fuska, ashe mutuwa ce.

Aikin kansa shi ya fi ɗaukar mini hankali. Katako mai tauri ake yankowa a gicciye, a goge shi sumul, a riƙa ƙwaƙule shi da ɗan tsinin ƙarfe. Inda ka sassaƙe shi zai fito fari, inda ka bari ya sha tawada. Wato haske kake tonowa daga cikin duhu. Kuma a juye kake zanen, dama ta koma hagu. Hannu ya zame? Ba gogewa, sai faci ko sabon katako. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya a kasuwa ya san irin wannan riƙe numfashin.

Ni a ganina Vertigo na 1937 ya fi Gods' Man nesa ba kusa ba. Hotuna 230 ne kan shekarun karayar arziki. Saurayi ya yi yawon neman aiki har ya gaji, ƙarshe ya sayar da jininsa, aka ƙara wa tsohon attajirin da ke korar ma'aikata. Ba wa'azi, ba sharhi, hoton ya isa.

A 1931 shi da matarsa May McNeer da abokai suka kafa Equinox, maɗaba'ar haɗin gwiwa, aiki tare, shawara tare. Kusan irin tamu kenan, sai dai su da injin ɗab'i, mu da fotokopi. To, fotokopin nan na cinye hoto mai toka-toka, amma baƙi da fari tsantsa yana fitar da shi raɗau. Masu zane a cikinmu, shafi biyu na fitowa ta gaba naku ne in kuna so. Ku zo da baƙar tawada, ban da kirayo.