Yadda Gadon Gwamna Ya Tashi Daga Damagaram Ya Koma Yamai

Tun da bikin cikar sarauta shekara ɗari ne ya tara mu, ya dace mu waiwayi wani al'amari da ya faru a zamanin kakanninmu, wanda har yanzu kowane talaka da kowane basarake na ƙasar Hausa ta Nijar yake ɗauke da sakamakonsa. Duk mai neman takarda babba, ko hakimin da aka kira gaban hukuma, yamma yake dosa, zuwa bakin kogi. Matasa da yawa suna zaton haka abin yake tun asali, alhali har zuwa shekarar 1926 birnin Zinder ne mazaunin gwamnan Nijar.

Kafin zuwan Nasara, Damagaram daula ce mai ƙarfi. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa a cikin garinsa, ayarin Arewa kuma suna sauka a Zango da kayan Tarabulus kafin su wuce Kano. Wannan gari ne kyaftin Cazemajou ya shiga a 1898, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo Faransawa suka dawo da bindigogi, aka gwabza a Tirmini a watan Yuli na 1899, suka ci birni, daga baya suka kashe sarkin, suka gina barikinsu bisa duwatsu suka raɗa masa sunan mamacin nasu. Da jini aka fara zaman Faransawa da Damagaram, kuma kowane ɓangare bai manta ba.

Duk da haka a Zinder suka fara kafa cibiyar yankin sojan da suka ƙirƙira a 1900, domin a lokacin idonsu na kan tafkin Cadi da hamada. Ba a daɗe ba aka mai da cibiyar Yamai, sannan a 1911 aka sake dawo da ita Zinder. Wannan kai da kawo ya nuna cewa su kansu masu mulkin ba su tsai da shawarar inda ƙasar za ta fuskanta ba. A 1922 aka cire yankin daga hannun soja ya zama ƙasar mallaka mai gwamna farar hula, aka naɗa Jules Brévié. Shi ne ya matsa, har aka sa hannu a kan doka ranar 28 ga Disamba 1926, wadda ta mai da Yamai babban birni.

Dalilin da aka fi faɗa shi ne ruwa. Kuma ba ƙarya ba ne: Zinder tana zaune kan dutse, rijiyoyinta ba su da albarka, kuma duk wanda ya yi bazara a garin ya san darajar tulu guda. Shekaru da dama bayan tafiyar gwamna sai da aka jawo wa birnin ruwa daga Gogo, daga baya aka ƙara da Arunguza. Yamai kuwa ga kogin Kwara yana gudana a gabanta rani da damina. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Garin da ya shayar da dubban mutane da raƙuman ayari tsawon zamanin sarakuna, da wuya a ce Turawa ƴan ƙalilan da magatakardansu ne suka fi ƙarfin rijiyoyinsa. A ganina ƙishirwa ta ba Brévié hujjar da zai rubuta wa Dakar, amma abin da ke ransa ya wuce haka.

Abu na farko shi ne Kano. Tsakanin Zinder da Kano tafiyar kilomita ɗari biyu da ƴan kai ce, tsakaninta da Yamai kuwa kusan ɗari tara. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya da fatauci sun haɗa Damagaram da Katsina da Daura da Kano tun kafin a ja layin iyaka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fatu da dabbobi, daga baya gyaɗa, suka riƙa gangarawa kudu, kuɗin Ingila suka cika kasuwanni. Hatta ma'aikacin Faransa da aka turo Zinder, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya sauka Ikko, ya hau jirgin Ingilishi zuwa Kano, sannan ya hau doki. Gwamnan da wasiƙarsa da kayan abincinsa suke bi ta ƙasar kishiyarsa ba zai yi barci da daɗi ba. Lokacin da Kawsan ya kewaye barikin Agadas a ƙarshen 1916, sai da Faransawa suka nemi taimakon Ingilishi daga Nijeriya, abin da bai yi wa Dakar daɗi ba ko kaɗan.

Abu na biyu shi ne fada. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu makirci tare da wasu manyan gari, cikinsu har da attajirin nan Malam Yaro. Suka tuɓe sarkin suka kai shi Kodibuwa, suka rushe sarautar, suka ɗora Ballama, bawan fada, ya riƙe gari. Shekara goma sha bakwai gidan sarauta yana jira, sai a 1923 aka naɗa Barma Mustafa. A lura da kusancin lokutan: an mai da wa Damagaram sarkinta a 1923, bayan shekara uku an ɗauke mata gwamna. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A Zinder, komai girman gidan gwamna, talaka ya san ƙofar da tambari yake tashi, malamai suna da almajiransu, attajirai suna da wakilansu a Kano. Yamai a wancan lokaci ƴan ƙauyuka ne a gaɓar kogi, mutanenta ƴan dubbai kaɗan, babu ganuwa, babu sarki mai daula. A nan mai mulki zai shata titunansa yadda ya so, ya gina fadarsa a kan tudu, ba mai inuwar da za ta rufe tasa.

Kada a ɗauka cewa mutanen yamma sun miƙa wuya ne ba gardama. A shekarar 1906 ɗin nan aka yi tawaye a Karma, kusa da Yamai. Sai dai a yamma Faransawa sun samu abokan hulɗa tun da wuri, irin su Zarmakoi Auta na Doso, kuma daga can suka fi samun sojoji da tafintoci. Ga shi kuma a daidai lokacin da aka ɗaga cibiyar, an yanko yankunan Say da Tera daga ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau aka haɗa su da Nijar, sai Yamai ta daina zama bakin iyaka. Daga nan ido ya koma kan hanyar Doso da Gaya zuwa Dahome, inda layin dogo ya iso Paraku a 1936, domin kayan Faransa su bi ta tashar Faransa.

Maƙwabtanmu ma sun ga irin wannan. Ingilishi sun tashi daga Zungeru suka koma Kaduna a 1917, suka guji Kano da Sakkwato da Zariya masu manyan sarakuna, suka zaɓi fili a bakin kogi da layin dogo. Tunanin guda ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi shafar mu. Inda gwamna yake, nan ake gina babbar lakwal da babban asibiti, nan ake ɗaukar magatakarda. Cikin shekara talatin sai ga yawancin ƴan boko da manyan ma'aikata sun fito daga yamma, alhali yawan jama'a da gyaɗar da ke cika baitulmali suna Maradi da Tasawa da Magariya da Matamai. Siyasar shekarun 1950 ta ɗauki wannan launi: jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta samu gindin zama a garuruwan Hausa, amma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1958 mulki ya faɗa hannun Jori Hamani, wanda ya karɓi ƴancin kai a Yamai ranar 3 ga Agusta 1960. Ba wata gwamnati da ta sake taɓa dokar Brévié. Sarakunan gabas da na tsakiya suka koyi doguwar tafiya, a kan hanyar da mota kan kwana biyu ko uku kafin a shimfiɗa mata kwalta. Sai a 1993 ɗan Damagaram na farko, Mahaman Usman, ya zama shugaban ƙasa ta hanyar zaɓe, kuma a Yamai ya yi rantsuwar kama aiki.