Ginger Mick, Mai Tallar Zomaye da Ya Zama Gwarzon Ostareliya

A watan Oktoban 1916, mutanen Ostareliya na cikin cacar baki kan ko a tilasta wa samari tafiya yaƙi ƙetare, sai kamfanin Angus & Robertson ya fitar da littafin waƙoƙin C.J. Dennis mai suna The Moods of Ginger Mick. Ƙuri'ar raba-gardamar ranar 28 ga wata ta ƙi amincewa da tilascin, amma littafin bai yi kwantai ba. An saye shi dubbai, har aka buga ƙanana waɗanda soja zai cusa a aljihu cikin ramin yaƙi.

Mick, jarumin littafin, ba ɗan manya ba ne. Mai tallar zomaye ne a lungunan Melbourne, ga saurin kai duka, kuma da fari ba ruwansa da tuta ko Sarkin Ingila. Ya shiga soja, ya sauka Gallipoli inda aka gwabza da rundunar Daular Usmaniyya a 1915, can ya kwanta dama, kamar 'yan ƙasarsa sama da 8,000. Dennis ya rubuta labarin da hausar 'yan tasha, irin wadda malamin makaranta zai zana wa jan biro. Iyayen da aka yi wa rashi kuwa muryar 'ya'yansu suka ji a ciki.

Masana adabi ba su taɓa sakin jiki da littafin ba. Sun ce ya cika neman sa mutane hawaye, kuma harshen nan an gauraya shi da na talakawan Landan. Ga shi Dennis bai taɓa shaƙar hayaƙin bindiga ba. A ofishin sojan ruwa na Melbourne ya yi aiki. Duk da haka, da ya rasu a 1938, Firayim Minista Joseph Lyons ya kwatanta shi da mawaƙi Robert Burns na Sikotlan.

A ganina, masu sukar sun bar jaki suna dukan taiki. Dennis ya rubuta waƙa kan tarzomar ranar 2 ga Afrilun 1915, lokacin da sojojin Ostareliya da na New Zealand suka far wa unguwar karuwai ta Wazzir a Alƙahira, suka jefo katifu da kujeru kan titi suka cinna musu wuta. Hukumar tace rubuce-rubuce ta hana a buga ta a cikin littafin. Mick ɗin da jama'a suka rungume, almakashin gwamnati ya riga ya yi masa aski kafin ya iso kanti.