Daga Sha'irin Bavariya Zuwa Dawar Samaru

Duk inda mashaya suka taru, gardamarsu ɗaya ce: giyar wane gari ta fi? Bajamushe ya ce tasa, mutumin Ingila ya ce ai waccan ruwa ce kawai, ɗan Ireland kuma ya ce in ba baƙa ba ce ba giya ba ce. Ba talla nake wa barasa ba, domin mafi yawanmu mun san hukuncinta a addini. Abin da ya ja hankalina shi ne, in aka bi tarihi za a ga ba mashayan ne suka zaɓi abin da suke yabo ba. Ruwan garinsu da hatsin gonarsu da dokar masu mulkinsu suka zaɓa masu, su kuma harshensu ya saba.

Mu fara da Bavariya, a kudancin Jamus. A shekarar 1516 sarkinta Wilhelm na Huɗu ya kafa doka cewa abu uku kaɗai za a sa a giya: ruwa, sha'ir, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop, wanda ke ba ta ɗaci ya kuma hana ta saurin lalacewa. Jamusawa na tinƙaho da wannan doka a matsayin ta tsabta, amma ɗaya daga dalilanta na ciki ne: a bar wa masu gasa burodi alkama, kada masu giya su sa ta yi tsada. Dokar ba ta ambaci yis ba, don sai bayan shekara fiye da 300 Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinsa. A 1553 kuma aka hana dafa giya a watannin zafi. Dole masu sana'ar suka riƙa dafawa da sanyi suna adanawa a ramuka da kogunan dutse. Irin yis ɗin da ke jure sanyi ya samu gindin zama, aka samu giyar da ake kira laga.

Wani mutumin Bavariya mai suna Josef Groll shi ya kai wannan dabara garin Pilsen, a ƙasar Cek ta yau, a 1842. Ruwan Pilsen ba shi da gishirin ƙasa sosai, sai giyar ta fito garau, launin zinariya. Mafi yawan giyar kwalba da ake sha a duniya jikokinta ne. A garin Burton na Ingila kuwa akasin haka ne, rijiyoyinsu cike suke da sinadarin farar ƙasa, wanda ke ƙara wa ɗacin hop kaifi. Da masu kimiyya suka gano sirrin, sai wasu garuruwa suka riƙa zuba wa nasu ruwan sinadarin don kwaikwayo. Shi kuwa Arthur Guinness, wanda ya karɓi hayar wani fili a Dublin a 1759 na tsawon shekara 9,000 a kan fam 45 a shekara, baƙin giyar gidansa daga gasasshen sha'ir yake zuwa.

To, mu dawo gida. Tun kafin Bature ya zo, akwai burkutu da fito a ƙasar nan, a wurin Maguzawa da mutanen Filato da kudancin Kaduna da Binuwai. Danginsu ne dolo a Burkina Faso da bilbil a arewacin Kamaru da Chadi. Sana'ar mata ce. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Ba hop a ciki, shi ya sa tsami ya maye gurbin ɗaci, kuma ba ta wuce 'yan kwanaki ba ta lalace ba. Abin da ba ya ajiyuwa kuwa ba ya tafiya, saboda haka kowane ƙauye ya zauna da irin tasa.

Giyar kwalba ta gida ta fara ne a Legas a 1949, lokacin da kamfanin Nigerian Breweries ya fito da Star. Ya buɗe reshe a Aba a 1957, da Kaduna a 1963. A farkon shekarun 1960 ɗin nan ne Guinness ya gina masana'anta a Ikeja, ta farko da ya yi a wajen Ireland da Birtaniya. Dukansu da sha'irin waje suka dogara, don ba ya yi sosai a ƙasarmu.

Nan ne labarin ya shafi manomin Arewa, ko yana so ko ba ya so. A 1988, cikin matsin tsarin SAP da ƙarancin kuɗin waje, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanoni suka yi ta kuka, kuma kukan nasu da dalili: sitacin dawa na buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, kuma ba ta da irin ɓawon da ke sauƙaƙa tata. Amma ba mafita, dole suka koma ga dawa da masara. Wani irin gajeriyar kaura mai lamba SK5912, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa wurinsu. A ganina wannan na cikin 'yan matakan wancan zamani da suka bar wani abu a hannun talaka, ko da yake magidancin da ke auno a kasuwa ya samu sabon abokin takara mai manyan motoci.

An sassauta hanin daga baya, amma dawa ba ta fita ba, har a lemon malt marar sa maye irin su Maltina, wadda ta fito tun 1976. Ita kuwa Guinness ta Nijeriya, mai ƙarfin kashi 7.5 cikin ɗari alhali wadda ake zubawa a mashayun Dublin ba ta wuce 4.2 ba, ta yi nata ɗanɗanon dabam, har ta kai ana ɗaukar ta daga Legas zuwa shagunan Landan saboda masu cewa ita ce ta ainihi.