Neman Kalma a Kwamfuta: Bambancin Manya da Ƙananan Baƙaƙe

Gabatarwa

Ma'aikacin da ke riƙe da jerin sunayen manoma, masu biyan haraji ko ɗalibai yakan buƙaci gano suna ɗaya daga cikin dubbai. Manhajojin rubutu irin su Microsoft Word da Notepad suna da hanyar yin haka: a danna Ctrl da F tare, sannan a rubuta kalmar da ake nema. Sai dai wajibi ne a san yadda na'urar ke ɗaukar manya da ƙananan baƙaƙe, domin kauce wa ɓarna a takardun hukuma.

Yadda abin yake

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963 aka kuma ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967, lambar A ita ce 65, ta a kuwa 97. Saboda haka a wurin na'ura haruffa ne biyu daban. Don sauƙaƙa aiki, galibin manhajoji kan daidaita su yayin bincike, ta yadda neman "musa" zai fito da Musa da MUSA. Wanda ke son a bambanta sai ya zaɓi akwatin da aka rubuta wa "Match case".

Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lambobinsu, kowanne da babbansa. Manhajar da ke bin wannan tsari tana gane cewa Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne, amma tsohuwar da ASCII kaɗai ta sani ba ta ganewa. Haka kuma, k da ƙ ba ɗaya ba ne: neman "Danladi" ba lallai ya fito da Ɗanladi ba. Ya kamata a gwada duka biyun kafin a ce suna ba ya cikin rajista. Rubutun Ajami ba shi da wannan rabo na babba da ƙarami.

Hattara wajen musanya kalma

Misali, an rubuta "kura" alhali "ƙura" ake nufi, sai akawu ya danna Ctrl da H a Word ya umarci a musanya duka. In bai zaɓi "Match case" ba, sunan Ƙaramar Hukumar Kura ta Jihar Kano zai lalace. In bai zaɓi neman cikakkiyar kalma ba, "kurakurai" ma za ta canja.

Shawara ga ma'aikata

A ajiye kwafin takarda kafin babban gyara. A riƙa duba kowace musanya ɗaya bayan ɗaya. Idan sauya girman baƙaƙe kawai ake so a Word, a zaɓi rubutun a danna Shift da F3. Kowane ofis ya tsayar da hanya ɗaya ta rubuta sunaye, ya kuma dawwama a kanta.